Bangon da Ba a Buga wa Ƙusa

Daga admin: Wata uwa ce ta turo mana wannan ta saƙon murya, ta ce a ɓoye sunanta. Na rubuta shi yadda ta faɗa, sunayen da ke ciki ma an canza su.

Assalamu alaikum 'yan gurup, manya da yara, ina gaishe ku da kyau. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon magana, tsohuwa ce, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane abin da ya hana ni cin abinci ba. Ni ban iya danne-dannen waya ba, amma ana karanta mini abin da kuke rubutawa, na ga kuna da baki, na wasunku har ya yi yawa. To ku bi ni a hankali, na yi jika da yawancinku. Kunya ce ta kawo ni nan, da na iya kallon idon wani a gidanmu na faɗa da ba ku ji ni ba.

A Makera na tashi, nan kudancin Kaduna, tun garin bai haɗe ba, tun daga ƙofar gida kana hango jirgin ƙasa yana wucewa da hayaƙinsa. Babanmu daga wani ƙauye ta wajen Funtuwa ya zo neman aiki, lokacin da ake gina masaƙa a Kakuri, saura 'yan shekaru Turawa su ba da mulkin kai. Lebura ya fara, mai ɗaukar kwaɓin siminti a kwanon sarki, daga baya aka ba shi helma, shi ke tsaye a kan leburori, shi ke ƙirga buhunan da aka fitar daga sito. Mutum ne dogo marar yawan magana, amma yana da abu guda, ba ya son raini ko kaɗan. A lokacin duk unguwarmu ginin ƙasa ne, kowace damina sai ka ji bangon wane ya zauna. Mu ma ɗakin haya muke ciki, ni da Inna da ƙanena da yake goye. Wata damina bangon ɗakin ya rufto ya danne tukwanen Inna da tabarmar da nake kwana, Allah ya sa muna tsakar gida. Ranar Baba ya ce shi ya gama kwana a ƙarƙashin ƙasa da ransa, gidan siminti zai gina irin na Turawa. Kuma ba a ɗaki ya faɗa ba, a majalisa ya faɗa gaban mutane, aka yi ta yi masa dariya.

Ga yadda ya yi lissafinsa, don nan komai ya faro. A wurin aikinsu an gina wani ɗan gida na masu gadi, ɗaki biyu da zaure, daidai girman abin da yake so. Shi da kansa ya ƙirga buhunan da aka fitar don wannan ginin, har aka shafe bango aka yi daɓe, ya samu arba'in. Ya ce to shi ke nan, gida buhu arba'in ne. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne bulo. Su can bulo a buge yake zuwa, mota ke kawo shi daga wani wuri a sauke a jere, shi a idonsa kamar yashi ne ko dutse, kayan da ake kawowa kawai. Bai tsaya ya tuna cewa kowane bulo ya riga ya ci simintinsa a inda aka buga shi ba. Harsashin ginin ma wasu ne daban suka zuba kafin a turo su Baba wurin. Ke nan arba'in ɗinsa na ɗaurin bulo ne da shafe da daɓe, ko rabin abin da gidan ya ci bai kai ba. Kada wani ya ce mini Baba ba shi da kai, ya fi ni ya fi ku, amma mutumin da ya tashi da tubali, wanda ƙasar bayan gida ce kyauta, ba ya saurin tuna cewa bango ma saye ake yi.

Ya je ƙauye ya sayar da rabon gonarsa, ya sayar da kekensa, Inna ta fito da tasoshin jerenta ta ce a haɗa. Mai unguwa ya yanka masa fili. Ranar da aka kawo simintin a amalanke daga kantin da ke kusa da tasha, wallahi kamar an kawo amarya, mutane suka yi cirko-cirko, yara suna ƙirga buhu da ƙarfi ana saukewa, ɗaya, biyu, har arba'in. Ni ma ina cikinsu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, na fi kowa ɗaga murya. Shi ya sa babu wanda bai san adadin ba a unguwar. Sai da Baba ya aro abin buga bulo na hannu ya fara yanka buhu bayan buhu, sannan jikinsa ya soma ba shi, amma ya daure ya ce ai ba zai ci da yawa ba. Aka zuba harsashi, aka ɗora bulo, shi da wasu abokan aikinsa biyu da suke taya shi ranar hutu. Gini na kaiwa gindin taga, aka waiwaya, saura buhu goma sha biyu.

Ban manta wannan yammacin ba. Abokansa sun tafi, na kawo masa ruwa na same shi zaune a kan takardun buhunan da suka ƙare, yana ƙirga su, in ya kai ƙarshe ya sake daga farko, kamar wani zai ƙaru. Babu abin da ya rage na sayarwa. Ga wani mutum a unguwar, wanda ya fi kowa dariya a majalisa, kullum sai ya biyo ta wurin ya ce, Helma, yaushe za mu sha fura a gidan Turawa? Baba ba ya iya komawa ya ce ya yi kuskure, gara ya bar garin. Washegari ya ce wa abokansa sun gode, sauran zai ƙarasa da kansa. Ya sayo zana ya kewaye filin duka, mai tsawo, ya gaya wa mutane wai Bature ya ce siminti ba ya son iska da idon rana sai ya kama. A zamanin wa zai yi musu da abin da Bature ya ce a kan siminti. Ya haƙa rami a cikin filin ya fito da jar ƙasa, ya zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, sannan ya kira ni, kansa a sunkuye, ya ce, Uwani, kin iya taka ƙasa? Na ce zan iya, Baba.

Kun san taka ƙasa aikin maza ne, amma in ya ɗauko maza zance ya fita. Don haka ni da Inna muka shiga, ita da goyo a baya. In ya tafi aiki mu taka, mu cika abin buga bulon nan da laka, mu fitar mu shanya, ya fito da faɗi da tsawo daidai da bulon siminti. In ya dawo ya ɗora. Muna cikin haka wata rana maƙwabciyarmu Mama Saratu ta ɗaga zana ta leƙo, kazarta take nema. Kirista ce daga wajen Kagoro, mijinta yana aiki a reluwe. Ta gan mu tsamo-tsamo cikin laka har gwiwa, ta ga bulon ƙasa a jere a kan na siminti. Inna ta rasa inda za ta sa fuskarta. Mama Saratu ta saki zana ta rufe, ta ɗaure zaninta sama ta shigo cikin lakar. Tun daga ranar kullum sai ta zo. Ita ce ma ta ce siminti ba ya kama jikin ƙasa haka kawai, zai ɓamɓare, a danna tsakuwa da fasassun kasko a jikin bangon tun yana ɗanye, shafen ya samu abin riƙewa. Baba in ya dawo ya same ta sai ya gaishe ta yana kallon ƙasa, ita kuma ta ce, sannu da aiki Malam, siminti ya kusa kamawa.

Da buhu goma sha biyun nan aka shafe waje da ciki, siriri, aka shafa farar ƙasa. Ya yi rufin kwano ya bar masa baki mai faɗi sosai don kada ruwa ya taɓa bango. Daɓen ciki na gargajiya muka yi aka rufe da tabarmi, sai daga baya yana sayen buhu ɗaya ɗaya aka gyara. Ranar da za a cire zana a yi sadaka, Inna ta dubi ƙafafuna, duk sun yi jawur sun tsattsage, ba wanda zai gani bai gane ba. Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini har idon sawu, ta ƙunsa wa kanta, Mama Saratu ma ta miƙo nata tana dariya. Mutane suka zo suna shafa bango suna salati, mai dariyar nan ya sha furarsa, mata suna ta yaba lallenmu. Daga ranar aka sa wa gidan suna Gidan Kankare, Baba ya koma Baba Kankare, har yau in ka ce wa mai keke napep ya sauke ka nan ya sani. Na ɗan canza sunan, kada wani mai bin diddigi ya je nema.

Baba ya kafa doka ɗaya a gidan, ba a buga ƙusa a bango. Ya ce kankare ba ya son ƙusa. Kaya a jikin katakon rufi muke ratayewa, agogo a kan kanta yake zama, da wutar lantarki ta zo ma ta sama aka bi da waya. Kowace damina sai ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasawa da yatsa, inda ya ji ya yi kwararo ya toshe da kansa. Mutane kuwa suka riƙa zuwa wurinsa a yi musu lissafin siminti, tunda shi ne ya gina gida da arba'in. Kuma ku ji ikon Allah, ya koyi abin da gaske. Sai ya fara da bulo, nawa bango zai ci, buhu ɗaya bulo nawa zai fitar, sannan na ɗauri, na harsashi, na shafe ciki da waje, na daɓe, ya ƙara 'yan kai saboda zubewa da wanda zai daskare. Ba wanda Baba ya yi wa lissafi siminti ya yanke masa a hanya. In mutum ya ce, Baba, yaya naka arba'in ni kuma ka ce mini ɗari, sai ya ce wancan simintin Ingila ne na da, ba a kawo irinsa yanzu. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai ce in rufe ba, bai ce in faɗa ba. Ni kuwa na ɗauki abin na yi ta tinƙaho da shi, ko a gidan miji in an taɓa ni sai in ce a bi ni a hankali, ni 'yar Gidan Kankare ce. Na faɗa har na kusa yarda da kaina.

To yanzu ga inda ake. Inna ta rasu, Mama Saratu ta rasu, ƙanena da yake goye a lokacin shi ma ya rasu bai taɓa sani ba. Ni na dawo gidan bayan rasuwar maigidana, ina ɗakin baya da aka ƙara daga baya. Ɗan ƙanena ne ke riƙe da gidan, sunan Baba aka sa masa, shi ya sa nake kiransa Abba. Yaron kirki ne, yadi yake sayarwa a kasuwa, ba ya cin abinci bai tambaya ko Goggo ta ci ba. Amma ya ɗauko halin mai sunansa kaf, ba ya son raini, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar gidan nan. An sake shafe bangon an liƙa tayil a gaba, ba mai ganewa. Da matarsa ta so a kafa talabijin a bango na tayar da hankalin kowa sai da aka sayo tebur, har yau tana ganin camfi ne irin na tsofaffi. Allah ya ba shi yara da yawa, wuri ya yi kaɗan, sai ya ce zai ɗora bene a kan ɗakunan Baba kafin damina.

Birkilan da ya fara kira Yohanna ne, jikan Mama Saratu, yana zaune a unguwar Television, tun yana ƙarami yake shigowa gidanmu cin tuwo. Yohanna ya auna ya yi lissafi ya ce buhu ɗari biyu da 'yan kai, don sai an haƙa an tayar da ginshiƙai daga ƙasa, kowanne da harsashinsa, su ɗauki dekin, wato rufin kankaren da benen zai zauna a kai, kada a jingina komai a tsohon bango. Abba ya ce wane irin ginshiƙi a gidan da yake kankare tun daga ƙasa har sama. Ya je ya ɗauko wani birkilan daga Mahuta, shi kuma ya zo ya durƙusa ya bubbuga bangon da guduma daidai gwiwa, inda bulon gaske yake, ya ce wannan ai dutse ne, hawa biyu ma zai ɗauka, a zuba linta, wato ɗamarar kankare da rodi, a kai kawai a yi dekin, buhu ɗari da ashirin ya isa. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka gaya masa ya ji, inda ya buga kuma ya amsa.

Nan rigima ta tashi a zaure. Abba ya tara su duka biyun, ga maƙwabta sun shigo, ya aika a kira ni. Ya ce ga wadda aka gina gidan a gabanta, Goggo ki gaya musu, bangon nan ba kankare ba ne har sama? Jama'a, ina da baki, ina da hankalina, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Na dubi mutanen nan, na ga 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi wa Baba dariya, sai na ji bakina ya ce, ƙwarai kuwa. Abba ya juya kan Yohanna ya wanke shi tas, ya ce kakansa ya gina gida sukutum da buhu arba'in, shi zai zo ya ce ɗari biyu don ɗaki biyu a sama, ya ce so yake ya karkatar da sauran ya sayar, har kalmar ɓarawo sai da ta fito. Ya ce albarkacin kakar Yohanna ne ya sa ba zai kai maganar gaba ba. Yohanna bai rama ba, ya naɗe tef ɗinsa, ya ɗan rusuna ya ce, Goggo a huta lafiya, ya fita. Na ji daga baya wani da ya yi niyyar ba shi aiki a layinmu ya fasa.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Na gwada dabara iri-iri. Na ce na yi mafarki marar kyau, Abba ya yi sadakar ƙosai ya ce shi ke nan. Na ce Baba bai son a taɓa rufin gidan, ya ce ai cika masa buri zai yi. Na ce a bari sai baɗi, ya yi dariya ya ce Goggo tsoron matakala take, kada in damu ɗakina na ƙasa. Yanzu an kawo simintin an jibge a zaure, an sauke bulo daga Kudenda, rodi da katako da gorar tokare duk sun iso. Da zarar kafinta ya samu sarari za a cire kwano. Matar Abba ta ce in an zuba dekin ya sha iska yara za su koma ɗakunansu na ƙasa ana ci gaba da gini a sama. Jiya da la'asar na ga autarsu tana barci a gindin bangon nan, ta jingina kai daidai ƙasan taga, inda bulo ya ƙare aikin ƙafata ya fara. Na tuna tabarmata da bango ya danne a ɗakin haya, na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska.

Na kasa haƙuri na hau keke napep na je Television wurin Yohanna, wai in ba shi haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa ta kawo ruwa. Ina ta kame-kame, sai ya ce, Goggo kada ki wahalar da kanki, Kaka ta gaya mini kafin ta rasu. Ya ce da ta ga ya zama birkila ta kira shi ta ce, in wata rana aka kira ka aiki a gidan Malam, kada ka ɗora wa bangon nan ko buhun gero, kuma kada bakinmu ya fara faɗa, maganar ta masu gida ce. Shi ya sa ya cusa ginshiƙai a lissafi bai faɗi dalili ba. Ashe yaron nan yana tsaye a zaure ana ce masa ɓarawo, amsa tana bakinsa, yana jira ni in buɗe nawa, ni kuma na ce ƙwarai kuwa. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Kakarsa ta shiga laka har gwiwa don ta rufa mana asiri, ni na saka wa jikanta da wannan. Ya ce bai riƙe ni ba, amma ya gaya mini gaskiya, ranar da ya ji an fara kafa katakon dekin zai zo ya faɗa da bakinsa, ko Kaka za ta yi fushi a kabari, don ba zai zauna yara su kwana a ƙarƙashin wannan ba.

Na san abin da za ku fara rubutawa, Goggo ki faɗi gaskiya, rai ya fi suna. Na sani, ban tsufa har na manta da wannan ba, kuma in Allah ya yarda ba za a zuba kankare a kan lakar nan ina numfashi ba. Yadda zan yi ne ya gagare ni. In na kira Abba ɗaki na gaya masa mu biyu, na san shi, zai ce ya canza shawara ne kawai, a yi ginshiƙai a shiru, sunan Baba ya tsira, amma Yohanna ya zauna da sunan ɓarawo a unguwar da aka haifi uwarsa. In kuma na ce a tara mutanen da aka tara ranar, a zauren da na yi ƙaryar, to na wanke Yohanna, amma na tsaya da bakina na kwance wa Baba zani a gaban jikokin masu yi masa dariya, mutumin da ya mutu bai iya kallon idona a kan maganar nan ba. Ga Abba da zai ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya zagi mutum a kan gaskiyarsa, ya sayi siminti a kan lissafin da ba shi ba, abin da ke hannunsa ba zai kai ga ginshiƙai ba bana, kuma siminti ba ya jiran baɗi. Ina tsoron ya dube ni ya ce, Goggo, ke da na kira ki shaida. Wani lokaci kuma sai in ce, shin Baba ma abin kunya ya yi? Bangon da ni da Inna da Mama Saratu muka taka ya fi shekara sittin a tsaye, ya ga damina iri-iri bai zauna ba, ya rufa wa zuri'a uku asiri. Abin da aka gina shi ya ɗauka ya ɗauka. Amma na kasa faɗin haka da ƙarfi, in na buɗe baki sai in ga Baba zaune a kan takardun buhu yana ƙirgawa.

Yau da safe na aika an sayo mini ƙusa babba guda ɗaya, tana nan ƙulle a bakin zanina ina wannan maganar. Tunanina shi ne, tunda bakina ya riga ya ci amanata sau ɗaya, kada in sake dogara da shi. In miƙa wa Abba ƙusar da guduma, in nuna masa saman taga in ce buga nan. Bugu biyu za ta shige, jar ƙasa ta zubo masa a ƙafa, ba sai na ce komai ba.

To 'yan gurup, ku gaya mini tsakaninku da Allah, in ku ne ni, a gaban wa za a buga ƙusar nan? Mu biyu a ɗaki in rufa wa mahaifina asiri, ko in aika a kira Yohanna da mutanen zaure su tsaya su gani? Masu ilimin addini a cikinku, wanne ya fi nauyi a kaina, haƙƙin mamacin da ya haife ni ko na rayayyen da aka zaga saboda ni? Kuma da wace kalma zan fara, don yaron nan kada ya tsani sunan da yake amsawa? Ku taimaka ku amsa da wuri, admin zai sa a karanta mini. Kafinta ya aiko ɗazu a tanadar masa tsani.